Ɗanɗano da amana: Rumfunan abinci a Anka, Gummi da Bukkuyum

Babu garin da ya amsa sunansa gari a ƙasar Hausa da za a rasa rumfar mai abinci a cikinsa. Ko a bakin tasha, ko a gefen kasuwa, ko a ƙofar asibiti, za ka tarar da wata baiwar Allah zaune bayan manyan tukwane, ga benci biyu ko uku, ga tabarma, ga butar wanke hannu. Ba ta da allon suna, ba ta talla a rediyo, amma direba da ɗan dako da malamin makaranta da mai jinya duk sun san lokacin da take sauke tukunya. Mu da muke ci a irin waɗannan wurare tambayoyi biyu muka saba yi: akwai daɗi, kuma nawa ne? Tafiyar da na yi zuwa yammacin Jihar Zamfara, inda na yini na kwana a Anka da Gummi da Bukkuyum, ta nuna mini akwai tambaya ta uku wadda ta fi waɗannan nauyi, wato ta wace hanya abincin ya biyo kafin ya iso cikin kwano.

Garuruwan nan uku ba baƙi ba ne a kunnen mai karatu, sai dai ba kasafai ake jin sunansu cikin labarin farin ciki ba. In ba harin 'yan bindiga ba, to ambaliya ce, ko rikicin haƙar zinare. Amma a can ma ana ɗaurin aure, ana raɗin suna, ana cin kasuwa, kuma kullum garin Allah ya waye sai an hura wuta an ɗora tukunya. Tun da aka yanke Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, take yi wa kanta kirari da cewa noma ne abin alfaharinta. Wanda ke son ya auna wannan kirari da halin da ake ciki a yau, ya nemi benci a rumfar mai tuwo, ya zauna, ya buɗe ido da kunne.

Daga Gusau hanyar Sakkwato ake bi, a wuce Bunguɗu da Maru, a Mayanci a karya hagu a miƙe zuwa Anka. Direbobin wannan hanya suna da nasu agogon daban. Ba sa son sammakon da ya wuce kima, kuma ba sa yarda la'asar sakaliya ta same su a daji. Wannan agogo ya shiga har cikin madafa. Wani dattijon direba da ya yi shekaru yana bin hanyar ya shaida mini cewa a da tuwon dare ne babban ciniki a tashoshin yankin, domin manyan motoci kan iso bayan isha'i da yunwa. Yanzu cinikin ya koma tsakanin hantsi da azahar. Kowa na ci yana duban rana, mai abinci kuma ta rage abin da take ɗorawa don kada ya kwana mata.

Anka gari ne mai asali. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, gidan sarautar Zamfarawa ya yi ta sauya mazauni har ya zo ya tabbata a Anka a ƙarni na 19. Shi ya sa sarkin garin yake riƙe da sarautar Sarkin Zamfara, kuma shi ne shugaban majalisar sarakunan jihar. A shekarun nan garin ya zama mafaka ga dubban mutanen ƙauyuka da aka kora daga gidajensu, har ginin sabuwar fadar da ba a kammala ba ya taɓa zama sansanin 'yan gudun hijira. Bakunan ci sun ƙaru, gonakin da ake iya nomawa sun ragu, kuma a rumfar abinci ake fara ganin sakamakon.

Rumfar da aka kai ni ba ta da nisa da tasha, rufin kwano ne a kan gwafanni, an share ƙasa an yayyafa ruwa. Tuwon dawa aka kawo, malmala biyu, an tuƙa shi ya tuƙu, babu gudaji ko ɗaya. Miyar kuwa ta sure ce, wato abin da mutanen gabas ke kira yakuwa. An kashe kaifin tsaminta da 'yar kanwa, an ɗaure ta da gyaɗa, ƙamshin daddawa ya fito ba tare da ya danne sauran kayan ba. Dunƙulen ɗanɗano na kanti bai yi yawa a ciki ba, kuma wannan kaɗai ya isa a yaba wa mai girki, a zamanin da ake rufe kowace kasawa da shi. Daga baya aka kawo mini hoce, abincin da Bazamfare ke tinƙaho da shi. Garin dawa ne ake kwaɓawa a gasa har ya yi ƙarfi, yana ɗaukar kwanaki bai lalace ba, don haka ya daɗe yana zama guzurin matafiyi da manomi. Aka gutsuttsura shi, aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da tonka, wato barkono, aka zuba man gyaɗa da yankakkiyar albasa. Ba shi da tsada, amma wanda ya ci shi da hantsi ba ya neman wani abu sai magariba.

Bayan na wanke hannu na ce da mai tuwon, "Inna, a ina ake yi muku niƙa?" A Kano ko Zariya dariya za a yi wa mai irin wannan tambaya. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce injin yana nan cikin unguwarsu, ta san mai shi, ta san mahaifinsa, kuma tun da aka girka shi hatsi kaɗai yake ci, dutse bai taɓa shiga bakinsa ba. Ta gane inda na dosa tun ban ƙarasa ba, domin a ƙasar Anka maganar injin niƙa magana ce ta rai da mutuwa.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF da ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, sai rasuwa, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi masa komai ba. Da aka gwada jinin yaran sai aka tarar gubar dalma ce. Sunayen Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, suka shiga bakin duniya. Fiye da yara 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani, wasu daga cikin waɗanda suka rayu kuma suka tashi da makanta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Musabbabin abin a bayyane yake. Farashin zinare ya tashi a kasuwannin duniya bayan rikicin tattalin arziki na 2008, sai manoma da yawa suka koma haƙa, dutsen da suke haƙowa kuma cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida a farfasa, a daka a turmi, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasan da yaro ke rarrafe, ta faɗa rijiya, ta hau kan hatsin da aka baza. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa akasarin dalmar da aka samu a abinci a wurin sussuka da shanya da surfe da niƙa ta shiga. Wato gero ya baro gona lafiya lau, a gida ya gamu da guba. Sai da aka bi gidaje ana kankare ƙasa ana binnewa, ana zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ba a kai gare ta ba sai a 2013, bayan matasa sun yi ta kiraye-kiraye har Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. MSF ta yi fiye da shekara goma tana ba yara magani kafin ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022.

Abin da ya sa dalma ta fi sauran ƙazanta haɗari ga mai cin abinci shi ne ba a ganinta a gari, ba a jin warinta a miya, kuma wuta ba ta kashe ta, ko da tukunya ta yini tana tafasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin mizaninta da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa. A nan harshe ba shi da hurumin yanke hukunci. Tuwon da na ci na yaba, abin da ya tsaya tsakanina da guba a cikinsa shi ne sanin da Inna ta yi wa mai injin.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ne daɗin girki ya taɓa ɓoye wa wannan guba. A Meziko, ƙasar da masara da barkono suka samo asali kafin su iso gonakinmu, akwai ƙananan gidajen abinci na unguwa da suke kira fonda, galibi mata ke riƙe da su, ma'aikata da ɗalibai na zuwa cin na rana kamar yadda ake yi a namu rumfunan. Girkinsu ya yi suna har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da suka cancanci a adana a 2010, shekarar da muke binne yaranmu a Dareta da 'Yargalma. Amma tukwanen yumɓun da suke alfahari da su, waɗanda ake shafa wa wani ruwan ƙyalli kafin a gasa, sun daɗe suna cikin manyan hanyoyin da dalma ke shiga jinin mutanen ƙasar, musamman idan an dafa abu mai tsami kamar tumatir a ciki. Mu ma muna da makamancin haka. Tukwanen sanholo da maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarafa, wani lokaci har da sassan tsohon inji, an gwada irinsu a Kamaru an tarar suna sakin dalma cikin girki. Mu kuwa mutanen sure da tsamiya ne. Saboda haka tambayar a ina aka niƙa tana da ƙanwa: a cikin me aka dafa?

Daga Anka hanya ta ci gaba yamma, ta wuce Ɗaki Takwas inda ake rabuwa da masu tafiya Zuru, ta kai mu Gummi, a kan iyakar jihar da Kebbi da Sakkwato. Garin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ke nan, kuma sarkinsa, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, tsohon Babban Alƙalin Birnin Tarayya ne. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar, ya ba ta fadama, don haka abincin Gummi ya karkata ga shinkafa da kifi. Da safe masa na ci, mai zafi daga tanda, gefenta ya yi ja, cikinta ya yi laushi da ƙananan huji, alamar ƙullun ya kwana ya tashi yadda ya kamata. Da rana kuma tuwon shinkafa 'yar gida da miyar busasshiyar kuɓewa da kifi banda. Shinkafar gida tana da ƙamshin da ta buhu ba ta da shi, sai dai tana zuwa da tsakuwa, kuma a nan ake gane mai abincin da ta san aikinta. Wadda ta zauna ta rege shinkafarta a ƙwarya da haƙuri, za ka cinye malmala haƙorinka bai gamu da komai ba.

Sai dai a Gummi hankalina ya fi komawa kan ruwa. Rumfuna biyu na shiga a rana ɗaya, tsakaninsu bai fi jifa ba. A ta farko wata yarinya ce ke riƙe da buta tana zuba wa kowa ruwa a hannu, ga sabulu a gefe, ruwan yana sauka cikin wani bokiti daban. A bayan rumfar akwai baho biyu, ɗaya na wanki da kumfa, ɗaya na ɗauraya, an kife kwanuka a kan gado suna shan rana. A ta biyu kuwa kwano ɗaya ne aka ajiye a bakin ƙofa, duk wanda ya zo sai ya tsoma hannu, ruwan har ya sauya launi. Miyar rumfa ta biyu ba ta gaza ta farko daɗi ba, wataƙila ma ta fi ta nama, kuma kuɗinsu ɗaya. Bambancin da ke tsakaninsu ba ya fitowa a harshe, sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake fitowa a ciki.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a garin da gulbi kan yi wa kutse. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta auka wa Gummi ta rusa gidaje masu yawa, kuma duk inda ruwa ya malale unguwa, sai ya haɗa abin da ke cikin masai da abin da ke cikin rijiya. Ta nan cutar amai da gudawa ke samun ƙofa. A 2021 fiye da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da ita a faɗin Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ita wannan cuta, saɓanin dalma, wuta tana kashe ƙwayarta, don haka tuwo mai tururi ba shi ne abin tsoro ba. Haɗarin yana cikin abin da ake ci da sanyi: furar da aka dama da ruwan da ba a san asalinsa ba, zoɓo da kunun zaƙi na leda, kwaɗon zogale ko na rama da aka ɗauraye da ruwan kududdufi, da kwanon da aka wanke a ruwan da ya wanke ɗari kafin shi. Mai rumfa ta farko ta gaya mini ɗan garuwa ɗaya take saye a hannunsa shekara da shekaru, ta san famfon da yake ɗebowa, ranar da bai zo ba kuwa gara ta rage girki da ta karɓi na wanda ba ta sani ba.

Akwai kuma wani farashi da ba ya cikin kuɗin da muke miƙawa. A watan Satumba na shekarar da aka yi ambaliyar, kwalekwalen da ya ɗauko manoma za su haye zuwa gonakinsu ya kife a gulbin, mutane da dama suka rasu. Tun da na ji labarin daga bakin mutanen garin, shinkafar Gummi ta ƙara daraja a idona.

A dawowa muka ratse daga babbar hanya muka shiga Bukkuyum, wadda ƙasarta ke tsakanin Gummi da Anka. A nan ne na fi ganin tabon rashin tsaro a cikin kwano. A watan Satumba na 2021 an rufe kasuwannin mako-mako an kuma katse layukan waya a faɗin jihar, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun abinci da labari. A watan Janairu na 2022 aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum da suka ci rayuka masu yawa. Har yau akwai ƙauyukan da manomi ba ya shuka ko girbi sai ya biya harajin da 'yan bindiga suka ɗora masa. Duk waɗannan suna biyo hatsi da dabba har zuwa rumfa.

Na nemi fura, ko hura kamar yadda ake faɗa a nan, aka dama mini a ƙwarya. Dawon ya yi kyau, citta da kanumfari sun ji, amma nonon da aka zuba na madarar gari ne da aka kwaɓa aka bari ya kwana. Mai furar ba ta ɓoye ba. Ta ce Fulanin da suka saba kawo mata kindirmo da man shanu, wasu an kore musu shanu, wasu sun yi ƙaura, wasu kuma tsoron shigowa gari suke yi saboda kallon da ake yi wa kowane Bafulatani. Zumuncin da ya haɗa mai hatsi da mai nono tun kaka da kakanni, a cikin ƙwaryar fura yake haɗuwa, kuma a cikinta ake ganin ya tsinke. A rumfar shinkafa da wake da ke kusa, yankan nama ya ƙanƙance har sai ka laluba. Matasa masu haƙar zinare ne suka fi kowa ciniki, suna shigowa da ƙura a gashi da tufafi, su ci su biya ba tayi. Na ga mai rumfar ta tsayar da biyu daga cikinsu, ta ce, "Samari, ku kakkaɓe can waje, ku wanke hannu da huska kahin ku zauna." Suka yi dariya, amma suka bi umarni. Ƙurar da ke jikin rigar mai haƙa ita ce wadda ta kashe yara a 2010, kuma wannan mata ba ta manta ba.

Wake ma yana da nasa labarin. Saboda tsoron ƙwari, wasu 'yan kasuwa kan zuba masa maganin ƙwari mai ƙarfi irin su fiya-fiya kafin su ɗure shi a buhu. Yawan irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi, mu ne muke dafawa. Alhali akwai buhu mai ruɓi uku da ke toshe iska ya kashe ƙwarin ba tare da an sa komai ba. Mai rumfar ta ce a da daga hannun manoman da ta sani take sayen wakenta. Yanzu ƙauyensu ya watse, sai ta sayi na kasuwa, ta shinshina, ta wanke sau uku, ta zubar da ruwan tafasar farko, ta bar wa Allah sauran.

Wannan magana tata ita ce ta haɗa mini kan duk abin da na gani a garuruwan uku. Ba mu da ɗakin gwaji a bayan kowace rumfa. Abin da ya daɗe yana tsaya mana a madadinsa shi ne sanayya: mai tuwo ta san mai inji, ta san mahauci, ta san ɗan garuwa, ta san Bafulatanar da ke kawo nono, su ma sun san in suka cuce ta gobe za su haɗu a gidan suna ko wurin gaisuwar mutuwa. Ingancin abincinmu a kan wannan amana yake zaune. Idan ƙauye ya tashi, ba gona kaɗai ake rasawa ba, har da wannan igiya ta sanayya, sai mai abinci ta koma saye a hannun wanda ba ta sani ba, mu kuma mu ci abin da ba wanda zai iya ba da shaidarsa.

Waɗanda suka fi kowa shiga haɗari su ne yaran da na gani tsaye a bakin kowace rumfa da 'yan robobinsu, almajirai da 'ya'yan 'yan gudun hijira, suna jiran saura da ƙanzo. Ban ga mai abincin da ta kore su ba, kowace tana da abin da take warewa. Amma likitoci sun tabbatar da cewa yaron da cikinsa ke fayau, ko wanda jikinsa ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe da na ƙarfin ƙashi, ya fi ƙoshasshe saurin zuƙar dalma. Yunwa da guba hannu ɗaya suke bi, kuma a yankin da tamowa ke cika gadajen asibiti duk damina, wannan abin dubawa ne.

Lokacin yin maganar kuwa yanzu ne. Haramcin haƙar ma'adinai da Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa Zamfara a watan Afrilu na 2019 an ɗage shi a watan Disamba na 2024, kuma farashin zinare a yau ya ninka na 2010 fiye da sau biyu. Duk abin da ya ja mutane suka kai dutse cikin gida a wancan lokaci yana nan, har ya ƙaru. Yaran da aka haifa a shekarar annobar sun tasa, wasunsu sun isa shiga rami, kuma ba kowa ne a cikinsu ya ga abin da iyayensa suka gani ba.

Abin da ake buƙata ba ya fi ƙarfin hukuma. Kowace ƙaramar hukuma ta san yawan injinan niƙa da ke ƙasarta, ta yi musu rajista, a raba na hatsi da na dutse rabuwa ta har abada, na dutse kuma ya koma bayan gari nesa da rijiya da masussuka. Akwai na'urar hannu da ke auna dalma a ƙasa nan take, da ita aka yi aikin tsaftace ƙauyukan nan, kuma bai kamata a ce sai an jira baƙi daga waje kafin a riƙa zagayawa da ita kasuwanni da wuraren niƙa ba. A farfaɗo da aikin duba-gari, amma ya zo wa masu abinci a matsayin malami mai nuna hanya, domin in ya zo da takardar tara kaɗai, za a koyi ɓoye masa ne kawai. A wadata 'yan garuwa da masu rumfuna da sinadarin tsaftace ruwa, musamman da damina. Sarakuna da limamai, waɗanda maganarsu ta taimaka aka fitar da niƙan dutse daga gidaje a 2010, su ci gaba da tunatarwa. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke neman batun bincike, ga shi nan a ƙofar gida: gari, da ruwa, da tukunya, da wake.

Mu ma masu ci muna da namu rabon. Mu daina jin kunyar tambayar inda aka yi niƙa da inda aka ɗebo ruwa. Mu leƙa bayan rumfa mu ga yadda ake wanke-wanke kafin mu zauna. In mun sami wadda ke zuba ruwa da buta, ta rege shinkafarta, ta rufe tukunyarta, mu riƙe ta, mu kai mata abokanmu, kada mu guje ta saboda ɗan ƙarin da ta yi a kan kwano, domin kuɗin sabulu da ruwa mai kyau ne muke biya. Matan nan suna riƙe da lafiyar gari guda da jari ƙanƙane, a wuraren da manyan masu kuɗi suka daɗe da tattara nasu suka bar wa talaka.

Wanda Allah Ya kai shi yammacin Zamfara, ya nemi hoce a Anka, ya ci masa da kifi a Gummi, ya sha hura a Bukkuyum, zai samu abin ba da labari. Allah Ya dawo da zaman lafiya a wannan yanki, manomi ya koma gonarsa, makiyayi ya koma rugarsa, Ya kuma jiƙan yaran da muka rasa.